Cha'ibu da Ordinatar da Ta Ce Ba Wuri

A shekarar da damina ta yi gardama, gero ya ƙone yana tsaye, sojoji kuma suka karɓe mulki a Yamai, a shekarar ne Cha'ibu ya dawo Matameye daga cin rani da jakar goyo, da gilashin da ba na ciwon ido ba, da sabon suna. Sauran ƴan cin rani garin kwaki suka kawo wa iyalinsu. Shi kuwa sanarwa ya kawo, cewa daga yau Injiniya za a riƙa kiransa.

Wata biyar ya yi a wani shagon gyaran kwamfuta a Kano. Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne aikinsa a shagon: shara, ɗaukar kwali, da sayo wa masu gyaran shinkafa da wake. Amma ya kalli aiki ta bayan kafaɗar mutane, kuma a wurinsa kallo da iyawa duk abu ɗaya ne. Kowa a garin ordinatar yake cewa, shi kaɗai ke cewa kwamfuta, har yana gyara wa dattawa.

Gwaggonsa Hajiya Kande ita ce shugabar matan da ke riƙe da bankin cimaka na unguwa. Wata ƙungiyar agaji ta ba su tsohuwar ordinatar da na'urar buga takarda. Sakatariyarsu, Madam Jamilatu, ta yi sati uku tana yawo tare da Hajiya a kan amalanke daga Matameye zuwa Tsauni da Dawce, tana rubuta gidajen da rumbunsu ya ƙare har sun koma cin ƴaƴan anza na daji. Gida ɗari uku da arba'in ta shigar a ordinatar, kowane da sunan matar gida, da na mijinta, da ƙauyensu. Ranar Alhamis kamiyo, wato babbar mota, zai kawo gero, tare da wani kapitan na soja da aka turo ya sa ido kan rabon. Sai ranar Litinin aka kira Madam Jamilatu Damagaram, mahaifiyarta ba lafiya, ta tafi ba ta buga sunayen ba.

Hajiya Kande ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko. Ɗanta Tanko, tela da ke da shago jikin biron bankin, wato ofishinsu, ya iya Faransanci amma bai taɓa taɓa ordinatar ba. Dole ta sa ta aika a kira Cha'ibu.

"Bugawa kawai za ka yi," in ji ta. "Ka fito min da sunayen a takarda, ka rufe ɗakin, ka kawo min makulli."

"Gwaggo, wannan ai ko ina barci."

"To kada ka yi barcin. Ka buga ka fito."

Tana ba da baya Cha'ibu ya zazzage jakarsa. Fayafayan fina-finai arba'in ne a ciki, ya kwaso su daga Kano, da kuma wani faifai ɗaya na Linux da ya tsinta a kwandon sharar shagon. Wunin Litinin ɗin kaf ya yi shi yana juye fina-finan cikin ordinatar, a wata jaka da ya sa wa suna Injiniya, wai kada fayafayan su karce. Yana juyewa yana ƙulla shawara da zuciyarsa. Ya taɓa ganin ubangidansa ya raba cikin kwamfuta biyu, Windows a gefe, Linux a gefe, in an kunna sai ta tambaya wanne ake so. Ran nan yana tsaye ne riƙe da kwanon abinci, amma ya gani. In ya yi wannan a nan, ranar Alhamis kapitan da mutanen agaji suka ga ordinatar tana tambaya kamar mutum, ai sai Yamai. Har ya hango kansa a mota mai sanyi, ana buɗe masa ƙofa.

Da safiyar Talata ya sa faifan. Komai ya tafi daidai har aka iso wurin raba diski, ma'ajiyar ordinatar. Nan wani ɗan akwati ya fito da jan alama da rubutun Faransanci. Cha'ibu a aji huɗu ya bar lakwal. Ya danna, akwatin ya tafi, ya sake gwadawa, akwatin ya dawo. Da ya gaji sai ya leƙa ta taga ya kira Tanko.

Tanko ɗan gwaggonsa ne, taubashinsa ke nan, tun suna yara ba su taɓa rabuwa ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Ya shigo da almakashi a hannu, ya duƙa ya karanta.

"Ta ce ba wuri."

"Na sani. Gwada ka nake."

"To na ci jarrabawa? Ta ce wurin da ya rage a diski bai isa ba. Me ka zuba mata?"

"Ba abin da na zuba mata."

"Wannan jakar mai suna Injiniya fa?"

"Kayan aiki ne. Kai ka je ka ji da wuyan riga."

"Inna bugawa ta ce ka yi."

"Likita in aka kai masa mai ciwon kai ya ga ƙari a ciki, sai ya ce shi kai aka kawo masa?"

Tanko ya jawo kujera ya zauna. Ya ce ɗinkin zai iya jira, irin wannan kallon ba kullum ake samu ba.

Cha'ibu ya tsaya ya yi tunani irin na injiniyoyi. In ɗaki ya cika, kaya ake ragewa. Ya ari sukuddireba wurin mai gyaran keke, ya kwance murfin akwatin ordinatar, ya leƙa. Ga wayoyi, ga ƙura, ga wata ƴar fanka zaune a tsakiya ta cinye fili. Ya cire ta ya ajiye a kan tebur, ya hure ƙurar, ya mayar da murfi.

"Yanzu ko jaki za ka ɗaure a ciki," in ji shi.

Ya kunna. Akwatin nan mai jan alama ya dawo. Kafin ya gama hararar sa, ordinatar ta fara wari kamar an ɗora roba a garwashi, ta ɗauke ɗif. Watan Afrilu ne, rufin kwano ne, zafin ranar ko ƙadangare ya nemi inuwa.

"Ta suma," in ji Tanko.

"Hutawa take. Haka manyan suke yi."

Sai da ya mayar da fankar, ita ma a juye ya fara sa ta, sannan ta farfaɗo. Zuwa lokacin labari ya zaga. Mai gyaran keke ya biyo sukuddirebansa ya tsaya. Mai ƙosai ta bar kaskonta ta zo bakin taga. Wani dattijo ya ce shi a ganinsa a yi mata tofi. Cha'ibu da ya ga jama'a sai ya gyara zaman gilashinsa, ya fara bayani: cikin kwamfuta kamar gona ne, shi gado yake rabawa tsakanin ƴaƴa biyu, babban ne ya ƙi matsawa.

"To ka rage wa babban kaya mana," in ji mai ƙosai.

"Abin da nake shirin yi ke nan kika riga ni."

Ya buɗe jerin sunayen Madam Jamilatu. Shafi goma sha bakwai. Ya girgiza kai, ya nuna wa jama'a ɓarna: dubi girman baƙaƙen nan, kowane kamar goro, yaya za a yi wuri ya rage? Ya ƙanƙance rubutun har ya koma kamar sawun tururuwa. Shafi goma sha bakwai suka koma uku. Jama'a suka yi ta mamaki. Ya sa faifai, ya gwada.

Ba wuri.

"Sunayen ne suka yi tsawo," in ji Cha'ibu. "Mutum na fama da yunwa, me zai yi da dogon suna?"

Ranar Laraba tun da hantsi ya zauna yana yi wa mutane aski. Habsatu Isufu ta koma H.I. Hajara Manu ta koma H.M. Saratu Ummaru ta koma S.U. Da ya iso kan sunayen ƙauyuka sai ya ce kowa ai ya san garinsu, ya share layin gaba ɗaya. Ya adana a kan na asalin. Tanko ya leƙo da allura a baki.

"Kai taubashi, Hajara nawa ka sani a garin nan?"

"Kwamfuta ta san su. Tana riƙe da sauran a ƙwaƙwalwarta."

"Ƙwaƙwalwar da ta ce ba wuri?"

"Ka ga, shi ya sa ka tsaya a tela."

"Ka goge jakar Injiniya mu gani."

Cha'ibu ya yi kamar bai ji ba. Akwai fim ɗaya a ciki mai kashi huɗu da bai ga ƙarshensa ba.

Da azahar Hajiya Kande ta zo da kanta, ta tsaya bakin ƙofa tana tambayar takardarta. Ya danna bugawa, shafi guda ya fito, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta juya takardar gaba da baya.

"Jamilatu ta ce min da yawa ne."

"Na tace su, Gwaggo. Aikin zamani ke nan. Kowa na ciki."

Ta dube shi, ta dubi takardar, ta ninke ta ta ƙulle a bakin mayafi. Ta ce ya rufe ɗakin. Ya ce saura ƴar gogegoge.

Bayan la'asar ya sake sa faifan, karo na goma sha wani abu. A wannan karon ya lura da wani zaɓi a ƙasa wanda bai taɓa dannawa ba. Ya danna. Akwatin ja bai fito ba. Wani rubutu ne ya fito, dogo, da maɓalli biyu a ƙarƙashinsa. Cha'ibu ya miƙe tsaye ya ƙwala wa Tanko kira, ya ce ya zo ya ga yadda ilimi ke yin halinsa.

Tanko ya karanta, ya sake karantawa, fuskarsa ta sauya.

"Wannan cewa take za ta share diskin gaba ɗaya."

"To shara laifi ce? Baƙo zai shigo, ba a share masa ɗaki?"

"Ba irin wannan sharar ba. Duk abin da ke ciki, in ji ta."

"Duk dattin da ke ciki. Faransancinka na lakwal ne, wannan na injiniyoyi ne."

"Cha'ibu, ka bari Madam ta dawo."

Tanko bai taɓa kiran sunansa kai tsaye haka ba, kuma wannan ne ya ƙara tunzura shi. Ya danna. Wani layi ya fara cika a hankali daga hagu zuwa dama. Masu kallo ta taga suka ga abu na tafiya a karon farko cikin kwana biyu, suka yi masa barka. Mai ƙosai ta aiko masa da guda biyar kyauta. Da layin ya cika, ordinatar ta nemi suna da kalmar sirri. Ya rubuta Injiniya, ya kare allon da kafaɗarsa ya danna wasu baƙaƙe da sauri don jama'a su ga saurin hannunsa, ya maimaita su a layi na biyu yana leƙen yatsunsa, bai riƙe su a kai ba. Ya kashe, ya rufe ɗaki, ya tafi gida yana taku ɗai-ɗai.

Matarsa Sa'a na tsince ganyen tafasa a tsakar gida. Su ma sunansu na cikin jerin, gero ya ƙare musu tun watan jiya.

"Malam, an ce gobe za a raba. Muna ciki dai ko?"

"Ke da mijinki ke riƙe da na'urar? Ki fara haɗa kaya ma, Yamai za mu koma."

"In mun ci tuwo tukuna," in ji ta.

Ranar Alhamis tun kafin rana ta yi zafi filin gaban biron ya cika. Mata daga Tsauni da Dawce sun taso tun asuba, wasu a ƙafa, wasu a kan jakuna, da goyo da buhunan da babu komai ciki. Kamiyo ya zo aka sauke gero. Kapitan ya iso da sojoji biyu da wata mata daga ƙungiyar agaji, aka ba su kujeru a ƙarƙashin bishiyar bedi. Mutum ne siriri, marar yawan magana, da ɗan sanda a hammata. Cha'ibu ya sa aka fito da tebur da ordinatar waje, aka ja waya daga shagon Tanko. Ya sa farar riga.

Hajiya Kande ta kwance bakin mayafi ta miƙa takarda. Kapitan ya buɗe ta, ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita, ya juya ta sama da ƙasa.

"Wannan rubutu ne ko ƙudaje suka yi kashi?"

"Tattalin wuri ne, ranka ya daɗe," in ji Cha'ibu.

"Kai ne wa?"

"Injiniya."

"To Injiniya, karanta mana."

Cha'ibu ya karɓa. Gilashinsa ba ya ƙara komai, sai ya cire shi, ya kai takardar dab da hancinsa.

"H.I.," ya kira.

Ba wadda ta tashi. Tanko daga gefe ya ɗaga murya ya ce wai duk wadda sunanta ya fara da Ha, na mijinta da I. Mata goma sha huɗu suka miƙe. Habsatu Isufu ta Dawce ta ce ita ce, ita aka fara rubutawa. Hajara Isufu ta Tsauni ta ce ƙarya ne, a gidanta Madam ta sha ruwa. Wata Hajara ta ce mijinta Isufu ne shi ma, kuma ya fi na waccan tsufa. Wata tsohuwa da ba ta ji abin da aka ce ba ta ga ana tashi ita ma ta tashi.

"H.M.," in ji Cha'ibu da sauri, ko za a wuce wurin.

Wasu ashirin suka miƙe, na farkon ba su zauna ba. Filin ya kaure. Jaki ya fara kuka. Kapitan ya ɗaga sandarsa, aka yi tsit.

"Ina cikakken jerin?"

"Yana cikin kwamfuta, ranka ya daɗe. Yanzu ma za ka ga abin da ba a taɓa yi ba a jihar nan. Za ta tambaye ka da kanta, Windows kake so ko Linux."

Ya kunna. Kowa ya miƙa wuya. Ordinatar ba ta tambayi kowa komai ba. Ta wuce kai tsaye ta tsaya a wani fili mai launin ƙasa, da sunan Injiniya a tsakiya, tana jiran kalmar sirri. Cha'ibu ya danna abin da yake tsammani. Ta ƙi. Ya sake. Ta ƙi. Ya gwada sunan Sa'a, ya gwada Kano, ya gwada Bismillah. Zufa ta jiƙa farar rigar har ana ganin singiletinsa.

Ana cikin haka motar Damagaram ta tsaya a bakin hanya, Madam Jamilatu ta sauko da jakarta. Ta ratsa jama'a, ta gaida kapitan, ta dubi allon. Ta zare faifan Linux daga aljihun Cha'ibu inda ya leƙo, ta sa, ta sake kunnawa, ta yi ƴan danne-danne. Sannan ta zauna a kan buhu.

"Hajiya, babu komai a ciki. Ba Windows, ba jerin, ba hotunan rumbunan da na ɗauka. An share."

"Ita ce ta ce ba wuri," in ji Cha'ibu.

"Da na tafi rabin diskin fili ne. Ko abu uku za ka sa ya isa. Me ka zuba?"

Cha'ibu ya dubi sama. Tanko ya gyara murya.

"Fina-finai arba'in, Madam. Ya ce kayan aiki ne."

"Da su ka goge, cikin minti biyar an gama," in ji ta.

Cha'ibu ya juyo a firgice. "Su ma sun tafi?"

Wannan tambayar ce ta gama da shi. Dariya ta fara daga wajen matan Tsauni ta bazu har bakin kamiyo, mutanen da suka kwana da yunwa suna riƙe ciki. Ɗaya daga cikin sojojin ya juya baya kafaɗarsa na rawa. Kapitan kaɗai bai yi ba. Ya ce shi an ba shi umarni kada buhu ɗaya ya fita sai da suna a rubuce. In babu jerin, gero zai koma cikin kamiyo, sai an sake ƙidaya, sati uku ko wata.

Dariyar ta mutu nan take. Mata suka juyo suna duban Cha'ibu. Sa'a na cikinsu, a layi na biyu, da buhunta a ninke a hannu. Ita ba ta dube shi ba ma, ƙasa take kallo.

Hajiya Kande ta miƙe ta gyara mayafi.

"Ranka ya daɗe, a rubuce ka ce?"

"A rubuce."

"Jamilatu, ɗauko kaye da biro mu rubuta. Tare muka yi yawon nan da ke. Za mu bi hanyar da amalanke ya bi. Dawce, gidan farko bayan rijiya, Habsatu matar Isufu makaho, baki bakwai."

"Ni ce," in ji Habsatu.

Haka aka yi. Hajiya na kira gida-gida, inda ta manta Madam Jamilatu ta tuna, inda duka biyun suka yi shakka maƙwabta su shaida. Wata ta so ta shiga sau biyu da sunan ƙanwarta, matan ƙauyensu suka zaunar da ita. Rabon da za a gama kafin azahar ya kai har rana ta yi ja.

Kapitan bai manta da Cha'ibu ba. Ya kira shi da sandarsa, ya ce tunda shi gwanin neman wuri ne, ga aiki: kowane buhu shi zai ɗauka daga tuli ya kai kan jaki ko amalanken mai shi, ya nema masa wurin zama. Soja ɗaya ya tsaya a kansa. Tun yana ƙirgawa har ya daina. Kowace mata in ya sauke mata sai ta ce, "Sannu Injiniya," wasu har da ɗan rusunawa. Farar rigar ta koma launin gero. Gilashin ya faɗi jaki ya taka. Buhu na ƙarshe na gidansa ne, Sa'a na gaba yana binta a baya, ba ta waiwayo ba har ƙofa.

Washegari bai iya miƙewa ba. Yana kwance ruf da ciki a kan tabarma a zaure, Sa'a na gasa masa baya da tsumma da ruwan zafi, ba da tausasawa ba. Sai ga sallama. Wani bawan Allah ne daga can bayan Kance, rungume da rediyo. Ya ce labari ya iso ƙauyensu cewa akwai wani injiniya a nan da ya wuni yana aiki tare da kapitan, har soja aka ba shi mai tsaronsa. Rediyonsa ce ke shaƙewa in an kama Hausa.

Cha'ibu ya ɗago kai daga tabarma da ƙyar. Ya dubi rediyon ta wutsiyar ido.

"Ƙaramin aiki ne. Sa'a, aro min sukuddireba."

Sa'a ta ajiye tsumman. Ta karɓi rediyon daga hannun baƙon, ta fita da ita har bakin titi, shi kuma yana biye da ita yana tambayar lafiya. Ta mayar masa da abarsa, ta nuna masa hanyar tasha, ta ce ya riƙe ta da kyau kuma kada ya tsaya ko an kira shi.